Yadda Nake Ɗinka Tutar Nijar

Kafin 3 ga Agusta, ranar bikin 'yancin kai, makarantu kan cika mini shago da neman tuta, to ga yadda nake yi.

Ka sayi yadi kala uku, ruwan goro da fari da tsanwa, wanda ba ya zuba, domin tuta a rana take wuni. Ka yanka ƙyalle uku masu faɗi ɗaya. Ni nakan yi tsawo santimita 70, faɗin kowanne 20, in ƙara 2 na kalmasa. A kwance ake jera su: ruwan goro a sama, shi ne Sahara ta arewa, fari a tsakiya, alamar tsarki, tsanwa a ƙasa, ƙasar noma ta kudu. Idan ka jera su a tsaye, tutar Kwaddibuwa ka ɗinka, sai a yi hattara.

Aikin yana wajen da'irar tsakiya, wadda ke nufin rana. Ka kifa ƙaramin faranti a kan yadin ruwan goro, ka zagaye shi da alli, ka yanka guda biyu. Ka ninke farin gida huɗu don gano tsakiyarsa, ka ɗinka ɗaya a gaba, ɗaya a baya, daidai da juna. Kada ta taɓa layin sama ko na ƙasa. Teloli da yawa fuska ɗaya suke sa wa, ni kuwa ban yarda da wannan rowar ba, tunda ta kowane gefe ake kallon tuta.

Tun 23 ga Nuwamba 1959 aka amince da wannan zane. Daga ƙarshe ka yi aljihun sanda a gefe, ka ninka ɗinkin bakin da iska ke kaɗawa.