Yadda Ake Cin Abinci a Ƙaramin Gidan Abincin 'Yan Sudan a Alƙahira

Tun bayan da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, dubun dubatar mutanen Sudan suka kwararo Masar, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka baro ofisoshinsu da shagunansu sai suka koma ga sana'ar girki. Shi ya sa ƙananan gidajen abincinsu suka yawaita a Alƙahira, musamman a unguwar Faisal da ke ɓangaren Giza, da Ardul Liwa, da Ain Shams. Ga Bahaushen da karatu ko jinya ko fatauci ya kai shi birnin, wanda kuma cikinsa ya gaji da koshari (haɗin shinkafa da taliya na Misirawa) da taliya, babu inda zai sami abin da ya fi kusa da tuwon gida kamar waɗannan wurare. Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce, kuma wanda ya shiga da zaton miyar gidansu zai tarar, zai iya fitowa yana ƙorafi a kan abin da bai fahimta ba.

Matakin farko shi ne zaɓen wuri da lokaci. Jirgin ƙasa na cikin gari, layi na 2, yana tsayawa a tashar Faisal, daga nan kuma ƙananan motocin haya suna bin dogon titin nan da ya miƙe ta wajen dalar Fir'auna. Kada ka nemi babban allo ko ƙofar gilashi. Ka nemi shagon da ƙamshin turaren wuta da na gahawa ke fitowa daga cikinsa, inda dattawa masu farar jallabiya da babban rawani suke zaune. Game da lokaci kuwa, mutanen Sudan ba sa karya kumallo da asuba. Shayi kawai suke sha da sassafe, sannan su ci abin da suke kira faɗur wajen ƙarfe 10 zuwa 11, abincin rana kuma sai an kusa la'asar. Idan tuwo da miya kake so, ka je tsakanin azahar da la'asar, domin tukunyar ƙaramin gida ba ta da zurfi, kuma idan ta ƙare sai gobe.

Da shigarka ka yi sallama da murya sosai, domin gaisuwa a wurinsu ba abin gaggawa ba ce. Kusan tabbas wani da ke cin abinci zai ɗago kai ya ce maka "itfaddal", wato bismillah, kuma da gaske yake yi. Ka yi godiya, ka sa masa albarka, ka wuce wurin wanke hannu, wanda galibi yake a lungu kusa da ƙofar kicin. Cokali yana nan ga mai so, amma mafi yawan abin da za a kawo maka da hannun dama ake cinsa.

Mataki na gaba shi ne mafi muhimmanci, wato zaɓen abin da za ka ci. A nan shawarata ita ce ka ajiye takardar jerin abinci, idan ma akwai ta, ka tambayi mai hidima wace miya aka yi yau. Miya a bakinsu ita ce mulah, kuma ana cin ta da ɗaya daga cikin abubuwa uku. Akwai asida, wadda tuwon dawa ce mai laushi, ana kife ta a tsakiyar kwano a kewaye ta da miya. Akwai kisra, wadda ake yi da ƙullun dawa da aka bari ya yi tsami, a shimfiɗa shi a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi har ya fito siriri kamar takarda, ana naɗe ta falle-falle. Sai kuma gurrasa ta mutanen arewacin ƙasar, ta alkama, mai kauri da taushi, wadda sunanta kaɗai ya isa ya tuna wa Bakano gida, ko da yake ba a tanderu ake gasa ta ba.

Ga wanda ya zo karon farko, asida da miyar tagaliya ce ƙofar shiga mafi sauƙi. Ana haɗa tagaliya da busasshen nama da aka daka, da soyayyiyar albasa, da tumatir, sannan a kaɗa ta da garin busasshiyar kuɓewa da suke kira weka, saboda haka yauƙinta ba baƙo ba ne ga harshenmu. Wani abin lura a nan: sunan busasshen naman a Sudan shi ne sharmuɗ, kalmar da ta yi kama da wani mummunan zagi a Larabcin Masar, don haka ka tsaya ga cewa tagaliya, musamman idan mai hidimar Bamisire ne. Idan an ce akwai khudra, to lalo ne. Idan an ce bamiya mafruka, ɗanyar kuɓewa ce da aka burga. Ni'aimiya da mulah rob kuwa da nono mai tsami ake yin su, kuma su ne suka fi ba Bahaushe mamaki, tunda mu ba mu saba ganin kindirmo a tukunyar miya ba. Gurrasa ta fi dacewa da dam'a, wato jar miyar nama ko kaza mai yawan albasa.

Abu biyu za su bambanta da abin da ka saba. Na farko tsami ne, domin kisra da yawancin asida da ƙullu mai tsami ake yin su, kuma wannan ba lalacewa ba ce, haka ake son su. Na biyu, babu daddawa, kuma ba a zuba barkono mai yawa a tukunya. Yajin yana zuwa daban a ɗan ƙaramin kwano, sunansa shaɗɗa, an dama shi da ruwan lemun tsami, wani lokaci da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Ka nema idan ba a kawo ba, kuma ka fara da kaɗan.

Idan da hantsi ka je, ful za ka tarar, wato manyan waken nan da ake dafawa tsawon dare a cikin tukunya mai siffar tulu. Misirawa ma suna da nasu, amma na Sudan man riɗi ake kwarara masa, a marmasa farin cuku a kai, a sa tumatir da albasa, wani lokaci a danne shi da gindin kwalba har ya farfashe. Ka ce a ba ka ful musallah, wato wanda aka gyara da duk kayan haɗinsa. Ɗalibin da aljihunsa ya yi sauƙi kuma ya nemi bosh, gutsattsarin burodi da aka jiƙa da romon waken, wanda ake ci a taru a babban kwano.

Nama da awo ake sayar da shi, rubu'in kilo ko rabin kilo. Shayya naman rago ne da aka soya cikin kitsensa. Amma kada ka tashi ba ka ɗanɗana agashe ba, domin namu ne ya je ya dawo da rawani. Tsire ne da aka baɗe da garin gyaɗa da yaji, sunansa ma ya tona asalinsa. Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a hanyar Makka, wasu kuma suka zauna, kamar jama'ar da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a yaƙin Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Kada ka yi mamaki idan ka yi wa mai gashin Hausa ya amsa maka da ita.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ka kiyaye. Marara da umfitfit hanta ce da huhu da tumbi ɗanye, waɗanda ake yankawa a haɗa da albasa da lemun tsami, kuma ban ga dalilin da zai sa baƙo, balle wanda ya zo jinya, ya gwada su ba. Sannan gyaɗa tana shiga kusan ko'ina, a salatin dakwa, da salatin aswad na soyayyen gauta baƙi, da shaɗɗa, da agashe, saboda haka wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ya faɗa tun kafin a zubo.

Abin sha ba zai ba ka wahala ba, sunaye ne kawai suka sauya. Karkade zoɓo ne, aradeb tsamiya ce, gongolez ko tabaldi kuma garin 'ya'yan kuka ne da aka jiƙa. A watan azumi ka tambayi hilu-mur, wanda ake yi da tsiron dawa da kayan ƙamshi. Bayan ka wanke hannu kada ka yi saurin miƙewa, ka nemi jabana, gahawar da ake dafawa da citta a kawo ta cikin 'yar butar ƙasa mai dogon wuya, tare da ƙananan finjalai da kaskon turare. Sukari suke zubawa ba tausayi, don haka ka ce a kawo shi daban.

Wajen biya, ka riƙe takardun kuɗin Masar ƙanana a hannu, domin irin waɗannan shaguna ba safai suke karɓar kati ba. Idan da wani ɗan Sudan ka zo, ko kuka saba a kan tebur, ka shirya wa ja-in-ja a gaban mai karɓar kuɗi, inda zai riƙe maka hannu yana rantsuwa cewa shi zai biya. Ka nace sau ɗaya ko biyu, idan ya rantse ka bar shi, ka ɗauki nauyin gahawa ko na zuwa na gaba. Kafin ka fita ka duba kantar da ke gefen ƙofa, domin da yawansu suna sayar da weka da man riɗi da zoɓo a ƙulle, kuma wekar nan tana yin miyar busasshiyar kuɓewa sosai a kan tuwon semo a ɗakin ɗalibai.