Yadda za ka sa AI ya warware maka kod ɗin da wani ya bar maka

An miƙa maka aikin da wani ya rubuta ya tafi, fayil ɗari da wani abu, bayanin da ya bari kuma bai wuce layi uku ba. Idan kod ɗin a buɗe yake a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, abin da sauƙi, ka goge github.com a adireshin ka sa deepwiki.com, shafin kamfanin Cognition ne, zai fito maka da bayanin yadda aka tsara komai har da zane, kuma kana iya jefa masa tambaya. Amma idan na kwastoma ne ko na wurin aikinku, sai ka sauke shi a kwamfutarka ka buɗe da ɗaya daga cikin manhajojin AI masu taya aikin kod: Cursor, ko Copilot a cikin manhajar rubuta kod ta VS Code, ko Claude Code a taminal.

Kafin ka fara dai ka tambayi oga ko an yarda kod ɗin ya fita waje, don guntayensa sabar kamfanin mai AI ɗin suke tafiya. Fayil ɗin .env da ke ɗauke da fasawod da makullai kuwa, a Cursor ka sa sunansa cikin .cursorignore, wato jerin fayilolin da ba ka so AI ya karanta.

Yanzu ga inda mutane ke ɓata lokacinsu, su rubuta "yi min bayanin komai" su zauna jira. Ai abin ba ya riƙe kod ɗin gaba ɗaya a kansa. Cursor yanka shi yake gunduwa-gunduwa ya ajiye, in ka yi tambaya ya lalubo guntayen da suka yi kama da ita, shi kuma Claude Code bincike yake da grep, umarnin neman kalma a cikin fayiloli, yana buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kai ma za ka yi, to tambaya mai faɗi amsa mai ruwa-ruwa take kawowa. Ka ba shi hanya guda ya bi: "idan mutum ya danna maɓallin biyan kuɗi, bi min daga nan har rumbun bayanai, kowane mataki ka faɗi sunan fayil da lambar layi". Wannan zancen fayil da layin kar ka taɓa yin sakaci da shi, saboda wallahi yakan ƙirƙiro fankshin ɗin da babu shi, ya kuma faɗa maka ba ko kunya. Ka buɗe wurin da idonka ka gani. Daga nan sai ƙananan tambayoyi, wa ke kiran wannan, me zai karye in na cire shi.

Tambayar "me ya sa aka yi haka" daban ce, amsarta ba ta cikin kod, tana cikin tarihin aikin, sai ka ce ya duba git log da git blame na wannan fayil ɗin, su ne ke nuna canje-canjen da aka yi da wanda ya taɓa kowane layi.

A Claude Code ka buga /init, zai rubuta fayil mai suna CLAUDE.md da taƙaitaccen bayanin aikin wanda yake karantawa duk sanda kuka fara sabon zama, ka gyara inda ya yi kuskure, ka ƙara masa yadda ake kunna gwaji da foldojin da ba a taɓawa.