Dashen jema da kajiji a tsakar gida: tazara da lokaci

Gidanmu a Zariya yana kan gangare. Da an shiga Agusta, ruwan indararo sai ya haƙa rami a gindin bango ya kwashi jar ƙasa ya kai bakin ƙofa, da hunturu kuma ƙura ta hana mu shanya. Kuɗin siminti ya fi ƙarfina, ciyawar kiri-kiri kuwa tana son ban ruwa da aski kullum. Sai na koma ga jema, wadda na saba gani a fadama tun ina yaro.

Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne saiwarta. Ba ta yaɗo gefe, ƙasa take nutsawa, har ta kan wuce mita 2 idan ta samu wuri. Inda ka dasa ta nan za ta zauna, tushen yana ƙara kauri duk shekara. Wannan ne bambancinta da tofa da aya-aya, waɗanda in suka shiga gida sai dai haƙuri. Kada ka yarda wani ya ba ka su don ganyensu ya yi maka kyau.

Ka jira ruwa ya zauna, wajen tsakiyar Yuni zuwa Yuli a nan yankinmu. Ka sa fartanya ka tono tushe guda babba daga fadama, bayan ka nemi izinin mai gonar. Ka rarraba shi da hannu, kowane dashe ya zama tsiro 2 ko 3 da saiwarsu. Ka datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20, saiwar kuma rabin haka. Mutane suna jin tausayin ganyen su bar shi da tsawo, rana kuwa ta nan take zuƙe ruwan dashen kafin ya kama. In ba ranar za ka dasa ba, ka jiƙa gindin cikin bokiti a inuwa.

Tazara ita ce inda na yi kuskure a shekarar farko. Aiki biyu ne, kowanne da ma'auninsa. A inda ruwa ke gudu, layi ake ja a gicciye, ya tare gangaren, a dasa kusa da kusa, santimita 10 zuwa 15. Ni na ba su kamu guda don in yi tattalin iri, ruwan ya bi ta tsakaninsu ya ci gaba da ɓarnarsa, har ramin ya fi na da zurfi don an matse masa hanya. Da na cike giɓin a damina ta biyu, layin ya haɗe kamar tsintsiya. Yanzu in an ɗauke ruwa nakan tsuguna in ga lallausar ƙasa da ƙananan ganye sun taru a bayansa, ruwan da ya wuce kuma ya fita garau.

A fili kuwa, inda rufe ƙasa da ƙawa kawai ake so, sai ka buɗa: santimita 50 zuwa 60 tsakanin tushe da tushe, layi na biyu ya faɗa a tsakanin na farko kamar ƙafar murhu. Wata biyun farko wurin zai yi maka kama da kan da aka yi wa mugun aski, zuciyarka za ta ce ka ƙara. Daure. Ka baza ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa a tsakani, ka riƙa cire ciyawa da hannu. Ɗan takin awaki a ramin dashe ya isa.

Kajiji wurin damshi yake so, don haka na ba shi gindin famfo, inda ake alwala. Shi yana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa na binne tsohuwar taya na dasa tushe 4 a cikinta. Maiɗakina takan tono saiwar da rani ta haɗa turaren wuta.

Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, ba ka tsoron maciji?" Tambaya ce mai kyau. Ina sa lauje in rage jemar zuwa gwiwa sau biyu a shekara, a tsakiyar damina da kuma ƙarshen Oktoba kafin ta bushe, don gudun gobarar hunturu. Na kuma bar taku guda fili tsakaninta da bangon ɗaki, ana sharewa. Ganyen da na yanke shi nake shimfiɗa wa gindin mangwaro.

Ban ruwa a shekarar farko kaɗai na yi, sau ɗaya a mako daga Fabrairu zuwa Afrilu, da ruwan wankin kayan miya. Tun daga nan jemar takan yi ruwan ƙasa da rani, ruwan farko na Mayu yana sauka ta tofo.