Yadda ɗalibin musaya daga Zariya zai saba da sakandare a Amurka

Yaron da aka zaɓa ya yi shekarar karatu guda a Amurka, ta irin shirin musayar ɗalibai na YES da majalisar dokokin ƙasar ta kafa a 2002, zai sauka ne a gidan mutanen da bai taɓa gani ba, ya shiga makarantar gwamnati ta unguwarsu. Turanci ba shi ne ya fi ba irin waɗannan yara wahala ba. Kunya da kawaicin da aka tarbiyyantar da su a kai, su ne kan jefa su cikin matsala, domin a can wanda ya yi shiru ana ɗauka ba shi da damuwa.

Fara shiri tun kana gida. Je makarantarku ka karɓi sakamakon shekarun baya da hatimi, sannan ku zauna da shugaban makaranta a kan maganar WAEC. Shekarar karatun Amurka tana farawa a Agusta ko farkon Satumba, ta ƙare a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, wato daidai lokacin da ake rubuta jarrabawar a nan. Ɗan SS3 zai rasa ta, don haka a yanke tun yanzu: maimaita aji zai yi, ko ta masu zaman kansu zai rubuta a ƙarshen shekara. Katin rigakafi ma a nemo shi. Wanda aka yi wa allurar BCG yana jariri, gwajin tarin fuka na fata kan iya nuna kamar yana ɗauke da cutar alhali ƙalau yake, sai a gaya wa likitan can, akwai gwajin jini da ke raba gardama.

Wajen haɗa kaya, a bar kilishi da dambun nama a Zariya, jami'an kwastan ba sa barin nama ya shiga. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, in za ka tafi da su, faɗa musu kana ɗauke da abinci su duba. Ɓoyewa ke jawo tara. Wutarsu volt 120 ce, bakin soket ɗinsu kuma ba irin namu mai ƙafa uku ba ne. Duba jikin cajarka, in an rubuta 100-240V, kan soket kawai za ka canza. Ɗauki ƙaramar buta, man kaɗanya, da tsaraba mara nauyi kamar hula ko jakar fata. Fasfo da takardar DS-2019, wadda bizar J-1 ta ɗaliban musaya ke tafiya da ita, su zauna a jakar hannu.

Daren farko ko na biyu, zauna da masu masaukinka ka yi tambaya ɗaya bayan ɗaya. Da wane suna zan kira ku? Kiran babba da sunansa gatsau zai yi maka nauyi a baki, kuma da yawansu suna jin daɗi a ce musu Mom da Dad, amma su za su zaɓa. Ƙarfe nawa ake cin abinci, wane aiki ne nawa, yaya ake kunna injin wanki, zan iya buɗe firiji ba tare da izini ba? A can in aka miƙo maka abinci ka ce ka ƙoshi, an gama magana. Ba wanda zai sake lallashinka sau uku irin na gidan gwaggo, da yunwarka za ka kwana. A daren nan ka bayyana abin da ba ka ci, kuma ka kira sunayen, don wanda ya san naman alade haramun ne gare ka yana iya mantawa cewa bacon da ham da pepperoni na kan fiza duk daga gare shi suke. Gelatin da ke cikin wasu alewoyi ma sau da yawa daga alade ake samo shi, sai ka riƙa karanta bayan leda.

Banɗaki ya cancanci a tsaya a kansa. Daɓen banɗakinsu ba shi da magudanar ruwa, galibin gidajen kuma na katako ne, ruwan da ya zuba yana iya ɗiga har ɗakin ƙasa. Yi alwala a kwamin wanke hannu ko cikin bahon wanka, labulen wanka ya kasance ta cikin bahon, ka goge duk inda ya jiƙe. Yi wa uwar gidan bayanin buta da bakinka kafin ta gan ta ta kai lambu. In akwai kare a gidan, roƙi a hana shi shiga ɗakinka saboda sallah. Alƙibla a galibin Amurka wajen arewa maso gabas take.

A makaranta malami ba ya zuwa ajinku. Kai ne za ka bi shi, kowane darasi da ɗakinsa, tsakaninsu 'yan mintoci kaɗan, ga loka mai lambobin sirri da sai an koya maka murɗa ta. Nemi a zaga da kai kafin ranar farko. Malamin ba da shawara shi ke tsara maka darussa, kuma damar canza su galibi makon farko ko na biyu ce kawai. In lissafin da aka sa ka ya yi maka sauƙi ko ya fi ƙarfinka, a lokacin za ka faɗa. Shi ne kuma za ka roƙa wurin yin Azahar, sau da yawa wani lungu na laburare ko ofishin da ba kowa.

Makinsu ba na jarrabawar ƙarshen zango kaɗai ba ne. Aikin gida, ƙananan gwaje-gwaje da magana a aji duk ana tarawa, kuma a makarantu da yawa sai ka kai 90 kake samun A. Yaron da ya saba haddace littafi ana saura mako guda jarrabawa zai ga makinsa ya zube tun Oktoba. Kwafo rubutu daga intanet ko daga aboki babban laifi ne da kan jawo sifiri. Sannan ka ɗaga kai: sunkuyar da kai gaban malami ladabi ne a Tudun Wada, a can kuwa ana iya fassara shi da rashin kula ko ɓoye gaskiya. Wadda ba ta musabaha da maza, ko wanda ba ya yi da mata, ya dafa ƙirji da murmushi ya faɗi dalili a taƙaice.

Ba a cika yin abokai a cikin aji ba, sai a ƙungiyoyi da filin wasa. Ƙwallon ƙafar da muka sani soccer suke ce mata, kuma zaɓen 'yan wasan farkon shekara a Agusta ake yi, wani lokaci kafin a buɗe makaranta, tare da takardar likita. Wanda ya makara ya nemi ƙungiyar muhawara ko ta kimiyya.

Kewar gida takan yi tsanani daga Nuwamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe biyar a jihohin arewa. Sanyin ya wuce hunturun Samaru nesa ba kusa ba. Ma'auninsu Fahrenheit ne, 32 shi ne inda ruwa ke daskarewa. Sa kaya hawa uku, da safar hannu da hular sanyi. Kiran gida a tsayar da shi sau ɗaya a mako, iyaye ma su taimaka da wannan, don yaron da ke kwana a WhatsApp da 'yan ajinsu na Zariya ba zai saba da inda yake ba. Najeriya tana gaban gabashin Amurka da awa shida a lokacin sanyi, biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba.

In zazzaɓi ya kama ka a watannin farko, gaya wa likita daga Najeriya ka zo, a gwada zazzaɓin cizon sauro, domin ba shi suke fara zato ba. In kuwa zaman gidan ne ya yi tsami, akwai kodinetan yankinku, wato wakilin shirin musayar, da doka ta wajabta ya tuntuɓe ka kowane wata, kuma shi ke da hanyar sauya maka gida. Shi za ka fara kira kafin Baba, wanda ba abin da zai iya daga Zariya sai tashin hankali. Rubuta lambar kodinetan a takarda ka sa a jakar makaranta, tare da adireshin gidan da kake da 911 ta gaggawa.