Idan tsohon karenka ya fara farfaɗiya

Karena Duna yana da shekara 9 ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gindin darbejiya yana shure-shure, kumfa na fita ta bakinsa. Maƙwabta suka fito da sanduna, wai haukan kare ne. Katin allurar rigakafinsa ne ya cece shi. Bayan gwaje-gwaje, likitan dabbobi ya ce alamun sun fi kama da ƙari a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa.

Tantanin nan hawa uku ne. Ƙarin da ya fi fitowa a jikinsa shi ake kira meningioma, kuma ya fi kama karnukan da suka haura shekara 7. Akwai wasu da ba kasafai ake gani ba, irin su histiocytic sarcoma, mai saurin yaɗuwa. Da ido ba ka iya bambance su, sai an ɗauki hoton cikin kai da na'urar MRI, an kuma gwada tsokar ƙarin.

In karenka ya faɗi, kada ka sa hannu a bakinsa, ba zai haɗiye harshensa ba. Kori yara, janye duk abin da zai buge shi, ka duba agogo. Jijjigar da ta wuce minti 5, ko ta maimaitu a yini ɗaya, a garzaya asibiti. Ka ɗauki bidiyo da waya, domin a gaban likita garau zai tsaya kamar ba shi ba.

Sai ka ajiye littafi. Ni a nawa na rubuta ranar da Duna ya fara zagaye ta ɓangare ɗaya, da daren da na same shi ya kafa goshi a bango shiru, da ranar da ya kasa gane ƙofar gida. Wannan ya fi taimakon likita fiye da duk bayanina na baki.

Kada ka yi saurin cire haukan kare daga lissafi, musamman in ba a yi masa rigakafi ba. Keɓe shi tukuna. Mai hauka yakan mutu cikin kwana 10 da bayyanar alamu, shi kuwa ƙari yakan ja makonni ko watanni. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti.

Ana yi wa ƙarin tiyata ko a gasa shi da hasken na'ura inda akwai kayan aiki. Mu phenobarbital aka ba mu don farfaɗiyar, da prednisolone don kumburi. Suna sa ƙishirwa, don haka kada kwanon ruwansa ya bushe. Kuma ko ya yi wata guda bai faɗi ba, kada ka tsayar da phenobarbital kwatsam, jijjigar takan dawo da ƙarfi.