Yadda na hana kwaɓin tafin hannun yara tsagewa

Alhamdulillahi, yau dai ya bushe ba tsaga ko ɗaya, godiya ga maƙwabciyata da ta gano matsalar.

Kwaɓin fulawa da gishiri ne, a danna tafin hannun yaro a kai a bari ya bushe. Sau uku yana darewa daga gefe. Na zaci ruwa ne bai isa ba, na ƙara, sai ya koma danƙo. Na canza fulawa, duk ɗaya.

Ashe rana ce. A bazarar Kano, da zafi ke haura digiri 40, in an shanya a tsakar gida sai sama ya bushe ciki na da danshi, ya ja ya tsage.

Kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri mai laushi, ruwa kusan kofi 1 ana zubawa kaɗan-kaɗan. A murza minti 10. A baza da kwalba, kauri kada ya wuce santimita 1. Bayan an danna hannun, a huda ramin rataya da tsinke, a ɗora kan tire a ɗaki, nesa da fanka. Daren farko a rufe da ƙyalle mai ɗan danshi, sannan a riƙa juya shi kowace safiya har kwana 5. Fenti sai an ƙwanƙwasa ya yi ƙara.