Yadda ake amfani da salansa a gajeriyar bindiga a Amurka

Masu zuwa filin koyon harbi a Amurka da yawa suna son sa salansa, wato na'urar rage ƙarar harbi, a gajeriyar bindiga, wato raifil ɗin da ake dafawa a kafaɗa wadda bututunta bai kai inci 16 ba. To kafin komai sai takardu, domin dokar bindigogi ta 1934 ta hau kan su biyun, bindigar daban salansar daban, kowacce sai an yi mata rajista a hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi, da hoto da zanen yatsu. Kuma ba kowace jiha ba ce ta yarda, irin su Kalifoniya da New York sun hana mutum ya mallaki salansa gaba ɗaya, don haka ka fara duba dokar jiharka.

Abin da ya fi damuna shi ne kunne. Mutane na ganin fim su ɗauka in an sa salansa shikenan ƙara ta mutu, wallahi ba haka ba ne. Ƙarar harsashi mai faɗin milimita 5.56 na wuce desibel 160 a ma'aunin ƙara, salansa ta rage kamar 20 zuwa 30, kuma shi harsashin ya fi sauti gudu, don haka akwai ƙarar da yake yi a iska wadda ba ruwan salansa da ita. Ga shi gajeren bututu ba ya bari albarushi ya gama ƙonewa, sai wuta da matsi su fito da ƙarfi, har ta gefen da kwanso ke fita, daf da kunnenka na dama. Ka sa abin toshe kunne ko da salansa, in a rufaffen fili ne ka ɗora babban na kai a sama. Jin da ya tafi ba ya dawowa.

Wajen saye ka karanta abin da kamfani ya rubuta, kowace salansa akwai mafi gajeren bututun da aka yarda a sa ta, in ka saɓa wutar nan za ta cinye cikinta da wuri. Bayan ka ɗaura, ka cire harsashi, ka tabbatar ba komai a ciki, sannan ka zura sandar gwaji ka ga ko ramin salansar ya yi daidai da bututun, don in ta ɗan karkace harsashi zai daki cikinta, ga asarar kuɗi ga hatsari. In ba ka iya ba ka kai wa mai gyaran bindiga, ba abin kunya ba ne.

Sai hayaƙi. Salansa na maido da shi baya, za ka ji idonka na yaji yana ruwa, bindigar kuma ta yi baƙi da sauri, dole ka riƙa wanke ta fiye da da. Akwai ƙarfen daidaita gas da ake sawa yana rage wannan sosai. Saiti ma yakan canza, sai ka sake shi da salansar a jiki.

Zafi kuwa, bayan harbi da yawa a jere tana iya fin salansar babur ƙuna, tana narka jaka tana ƙona cinya. Ka tafi da safar hannu mai jure zafi, ka riƙa duba ko ta kwance, kuma kar ka mayar da ita jaka sai ta huce.